Mai Haɗa Wuta a Tashar Doma

A tashar Doma ga wani magidanci mai furfura a gemu, zaune kan buhun riɗi, ya duƙufa kan wayarsa. Wasan nan yake bugawa wanda dodanni ke far wa gidanka da zarar wuta ta ɗauke. Yatsunsa masu kanta suna jan kebul daga sola zuwa batura, ni kuwa ina leƙe ta kafaɗarsa, har na manta da motar da nake jira.

Janaretan da ke cikin wasan ma sai da ya gina masa keji. Da gani an taɓa sace masa na gaske.

Fitilun gidan suka kama gaba ɗaya. Ya miƙe zumbur: "Oga, ka gani? Ni na kawo wutar nan da kaina!"

Nan take wayar ta mutu. Ya dube ni: "Don Allah, ina ake caji a nan?"