Haƙorin Barnaba

Ni ce Hamsatu mai ƙosai ta unguwar Bukoki a Yamai. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanina da Barnaba, don haka kada wani ya zo ya koya mini halinsa. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma wallahi ban taɓa ganin ɗan Adam mai kwaɗayin wahala irinsa ba.

Daga wani ƙauyen Maraɗi ya zo Yamai, shekarar da soja suka karɓi mulki, bayan fari ya ƙone musu gero tun bai fidda kai ba. Ubansa kuturu ne da ƴan Mishan suka yi wa magani, ta nan gidansu suka zama Kirista. Ya samu aikin planto, wato masinja, a wani biro, ofishin gwamnati ke nan, yana kai takardu bisa keke. Zamanin nan ma'aikaci bai isa ya makara ba, Barnaba kuwa shi ke riga mai shara isa.

Idan ƙaya ta soke shi, sai ya ce ya gode wa Ubangiji. Ran da kunama ta harbe shi a bayan gida, ya fito yana ɗingishi yana murmushi, wai an tuna da shi kamar yadda aka tuna da Ayuba. Na ce, "Malam Barnaba, Annabi Ayuba dai mun san raƙuma gare shi kafin su tafi. Kai me za a ɗauke maka, keken gwamnati?" Ya yi dariya, ya ce za su yi mini addu'a ran Lahadi.

Da na san abin da ke tafe da na riƙe bakina.

Fari ya dawo a tamanin da huɗu. Muna cin jar dawar taimako, wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su tsattsage ta, sai ƙyanda ta shigo gidanmu. Ta ɗauki Rifkatu, ƴarsu guda tilo, mai shekara shida. Ni da ba ni na haife ta ba sai da aka ɗaga ni daga ƙasa. Shi kuwa uban, shi ya ja waƙa a bakin kabari, muryarsa ko rawa ba ta yi. Da aka dawo ya tsaya kan matarsa Tabita ya ce ta share hawaye, kuka na marasa bege ne. Washegari ya hau kekensa ya tafi aiki. Na rantse, da a ce matsamin ƙosai na hannuna a lokacin, da na sauke masa shi a ka.

Tabita ta share hawayen, ta kuma rufe baki. Wata huɗu tana ajiye masa tuwo ba ko sannu. Rannan ta same ni wurin suya ta ce, "Yaya Hamsatu, ran Alhamis zan hau kamiyo, babbar motar nan, in koma gida, kuma ba zan dawo ba. Na gaji da zama da dutse."

A makon nan ne haƙori ya kama shi. Kunci ya kumbura kamar ya ɓoye goriba, amma ka ce masa ya je likita, ina! Wai gicciyensa ne, kowane Kirista da nasa. Na tare shi a bakin famfo na ce, "Ba matarka ta gaya mini Isan naku ya yi kuka a kabarin abokinsa ba? Kai ka fi shi ne?" Ya ce, "Hamsatu, ke ba ki yi karatu ba." Na ce, "Kai da ka yi, ga matarka can tana ɗaure kaya."

Ran Alhamis da safe shugaban bironsu ya kore shi, ya ce fuskar nan na tsorata baƙi, kada ya dawo sai an cire abin. Umarni dai Barnaba bai iya ƙi. Na bar kaskona na ja shi wurin Sumana, wani wanzami Bazabarme a bakin kasuwa. Tabita na ɗaki tana jiran azahar, lokacin tashin kamiyo.

Sumana ba shi da allurar kashe zafi, awartaki kawai da ruwan gishiri. Ya danne shi da gwiwa ya yi ta murɗawa, ni da ke kallo na kira sunan Allah ya fi sau goma. Barnaba ko uffan. Haƙorin ya fito baƙi wuluk. Sumana ya saka masa shi a tafin hannu, ya yi masa irin wasan da ake yi wa yara: "To, yaro, rufe baki, kada ƙadangare ya ga giɓin, sabo ya ƙi fitowa."

Barnaba ya ƙura wa tafin hannunsa ido. Can ya ce, "Haka Rifkatu take yi. Haƙorinta na gaba ya faɗi kwana uku kafin zazzaɓin. Duk inda ta ga ƙadangare sai ta toshe baki da hannu biyu." Ya haɗiye jini. "Bai fito ba, Hamsatu. Haka muka rufe ta da giɓin."

Sai ya kurma ihu. Babba da shi, da rigar aiki, yana birgima cikin ƙura yana kiran Rifkatu. Masu tumatir suka taru suna zagin Sumana wai ya kashe mutum, Sumana na rantsuwa da Zabarmanci shekara ashirin ba a taɓa yi masa wannan sharri ba. Ni kuwa na kwasa da gudu, zani a hannu, na faɗa wa Tabita ɗaki.

Ta zo da ƙunshin kayanta a ka, don ta ce daga nan tasha za ta wuce. Ta tsaya tana kallonsa. Ya ɗago kumburarren kuncin nan, jini da majina, ya ce, "Tabita, ƴarmu ta mutu."

Ta ce, "Yau ka ji?"

Ta sauke kayan ta zauna a ƙasa kusa da shi. Har aka kira la'asar suna nan suna kuka, ba wanda ya ce musu su yi haƙuri.