Ɗinki Biyu a Kan Tantin Mutum Ɗaya

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shekara talatin da ɗaya yana ɗinkin tamfol a masana'anta guda: rumfunan taro, murfin manyan motoci. A layinmu ko sunansa ba a kira, sai dai Mai Tamfol. Yatsunsa sun yi kanta har allura ba ta huda su, kuma yana ji da hakan fiye da kima.

Da masana'antar ta koma hannun wasu, sai aka ce an bar tamfol. Ƙananan tantuna za a koma yi, na mutum ɗaya, irin wanda masu yawon hawan duwatsu ke naɗewa su cusa a jakar baya. Yadin shara-shara ne kamar ledar burodi. Ranar farko Kawu ya ɗaga shi, ya hango ni ta cikinsa, ya ce, "A cikin wannan ɗan mutum zai kwana a dawa? Da iyayensa kuwa?" Kowa ya yi dariya, har ni.

Ni ce mai duba kaya. Shi ya samo mini aikin, shi ya kai ni gaban manaja da kansa. Duk tantin da aka gama sai ya hau sikelina, kuma kada ya wuce giram ɗari tara. Na Kawu kullum sai sun ɗara da arba'in ko hamsin. Dalili kuwa, kowane ɗinki sai ya bi shi sau biyu, ya matse shi, ya ƙara faci a kusurwa. A tamfol wannan shi ne gwaninta.

Manaja ya zaunar da shi, ba da faɗa ba. "Baba, a wannan yadin kowace hudar allura ƙofa ce ta ruwa. Tef ɗin hana ruwa da muke liƙawa a kan ɗinki layi ɗaya yake rufewa. Sau ɗaya za ka bi."

Kawu ya ce to, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Amma na sha tsayawa ina kallonsa: da ya kai ƙarshen layi, hannun ya riga ya juya yadin, ƙafar ta riga ta taka keken ɗinki, kafin shi kansa ya farga. Sai ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani.

Na gwada taimaka masa. Lokacin hutun rana nakan zauna in warware layi na biyun da reza. Nauyi ya ragu, amma da na ɗaga yadin wajen haske sai ga hujojin allurar a jere suna kallona. Ba abin da zai mayar da su. Ranar na yi kuka a banɗaki, don na ga ba ni da dabara.

Bayan gargaɗi na uku manaja ya ce gwajin ruwa zai raba gardama. In tantin ya riƙe, Kawu ya ci gaba da aiki. In ya yi yoyo, shi ke nan. Ƙa'idar wurin, wanda ya ɗinka shi zai kwanta a ciki, mai duba kaya ta riƙe tiyo na minti biyar.

Aka kafa tantin a bayan sito. Kawu ya cire takalmi, ya rarrafa ya shiga da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Na buɗe ruwa, na karkatar da shi tsakiyar yadin, nesa da ɗinki. Manaja ya gani, ya kau da kai.

Sai muryar Kawu daga ciki: "Ɗiyata, ina jin inda ruwan ke sauka. Kan ɗinkin za ki fesa. Kada ki ɓata aikinki saboda ni."

"Kawu..."

"Fesa, na ce."

Na fesa. Na riƙe tiyon a kan ɗinkin har minti biyar ɗin suka cika.

Da ya fito, ruwa ya ja masa layi daga kafaɗa har ƙugu. Manaja ya ce a hankali, "Baba, in ka shirya ka same ni a ofis."

Kawu bai tafi nan take ba. Ya durƙusa, ya kama ɗinkin da hannu biyu, ya ja iya ƙarfinsa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sannan ya ɗago yana duban mu ɗaya bayan ɗaya.

"Amma dai kun ga bai yage ba," in ji shi.