Ruwan Farko Ba Ya Shiga Kwata

A Anguwan Rukuba in ka ce Nkoli, ba wanda zai gane wa kake nufi. Sai ka ce Mama Okwudili, nan take za a nuna maka gidan da bishiyar fiya take leƙo titi ta saman katanga. Da sunan ɗanta na fari da ya rayu ake kiranta tun tana goye da shi, kuma ɗan nan ne ya zame mata ciwon da bai warke ba.

Tana amarya aka kawo ta Jos daga kudu bayan yaƙin basasa, ba ta jin ko "zo" da Hausa. Mijinta Ejiofor kafinta ne, mutum mai ƙarancin magana. Shi ya gina gidan ɗaki bayan ɗaki, shi ya dasa fiyar da hannunsa. Ita kuwa ta kama rumfa a babbar kasuwa tana sayar da manja da garin rogo da busasshen kifi, har Hausa ta zauna a bakinta, duk da cewa har tsufanta "ka" take ce wa mace da namiji. Kada in yi muku ƙarya, ba mace ce mai daɗin zama ba. Bakinta ya fi wuƙar mahauci kaifi, kuma ba a taɓa jin ta ba wani haƙuri ba. Ejiofor ya rasu, gobarar shekarar 2002 ta cinye kasuwar da rumfarta a ciki, gida ya koma hannun Okwudili kamar yadda al'adarsu ta tanada. Abu ɗaya ya rage mata nata na kanta, wankin coci.

Ba wankin labule ko na rigunan mawaƙa nake nufi ba. A cocinsu na Katolika akwai ƙananan fararen ƙyallaye da Fada, limamin cocin, ke goge ƙoƙon ruwan inabi da su bayan Mas, babbar ibadarsu. Tun Okwudili yana firamare ita ake damƙa wa su kowace Lahadi. Ranar Litinin da safe sai ta ɗauko wani ƙaramin farin kwano da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, ta jiƙa su a ruwa zalla, babu sabulu. Wannan ruwan na farko ba ya shiga kwata, domin a imaninsu abin da ya taɓa ƙyallen nan ba ruwan inabi ba ne kuma, jinin Yesu ne. Dole sai ƙasa mai tsabta inda ba a takawa. Ita gindin fiya take kai shi, ta durƙusa ta tsiyaye a hankali. Bayan nan sabulu da bula da guga su biyo baya. Ko zazzaɓi bai taɓa hana ta ba.

Okwudili ya tashi a gaban bagade, wato teburin hadaya na coci, yana taya Fada hidima cikin jar riga, uwarsa na hura hanci. Da ya girma ya buɗe shagon kayan lantarki, sai abokai suka ja shi wani sabon cocin Fentikos da ke taro a wani tsohon sito. Can ya samu muƙami, can kuma ya auri Suzana, tela ce 'yar asalin Filato, yarinya mai sanyin hali da uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Daga nan cin abincin Lahadi a gidan ya koma filin daga.

"Mama, sau nawa Yesu ya mutu?" Okwudili zai tambaya, hannunsa cikin miya.

"Sau ɗaya."

"To me Fadanku yake miƙawa kowace safiya? An gama hadaya a kan gicciye, babu saura. Mu muna karya burodi ne don tunawa, shi ke nan. Abin da kuke yi bautar gumaka ce."

"Ba wanda ya sake kashe shi," in ji ta. "Hadayar ɗaya ce, ita ake kawowa gabanmu, mu da ba mu je wurin ba. Ku da kuke sayo burodi a shago da lemon kwalba, in ya rage yara su cinye a bayan sito, kai ne za ka koya mini? Cocin lasifika kawai!"

Haka suka yi ta yi, shi da ayoyinsa, ita da baƙar maganarta, Suzana na kwashe kwanuka. Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi.

Suzana ta yi ɓari, ta sake yi, ta kuma yi. Ta rame, ta daina buɗe shagon ɗinki. Okwudili ya rasa inda zai sa kansa, sai ya gayyato wani baƙon mai wa'azi da ya zo cocinsu taro, ya yi wa gidan addu'a. Mutumin ya zagaya ɗakuna yana ta ihu, ya fito tsakar gida, ya ga gindin fiya a share tas, ƙasar da danshi. Ya tambayi abin da ake zubawa a wurin. Da aka gaya masa sai ya dafe kai. Ya ce ai ga bagade nan an kafa a cikin gida, shekara da shekaru ana shayar da shi jini, kuma abin da ya saba shan jini sai ya nemi na masu gida.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, Okwudili da ya shekara yana rantsuwa cewa ruwan inabi ne kawai, shi ne yanzu ba ya iya wucewa ta gindin bishiyar sai ya kauce. Uwarsa kuwa, maimakon ta lallashe shi, sai ta yi dariya ta ce, "Au, ashe ka yarda jini ne?" Wannan dariyar ta jawo mata abin da ya biyo baya.

Wata Lahadi ta wuni a taron matan coci. Da ta dawo da yamma, ƙyallayenta a jaka, babu fiya. An sare ta, an yi gunduwa-gunduwa da ita a bakin titi, an malale tsakar gidan da siminti daga bango zuwa bango. A kan katakon da aka shimfiɗa bisa ɗanyen simintin ta taka ta shiga ɗakinta. Maƙwabta sun kasa kunne su ji tashin duniya, ba su ji komai ba, kuma shirun nan ya fi ba su tsoro.

Da safe ta jiƙa ƙyallayen a ɗaki kamar kullum, ta matse su, ta fito riƙe da farin kwanon da hannu biyu. Niyyarta ta fita ta nemi ƙasa mai tsabta ko a bayan gida ne. Ta tarar da Okwudili ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ga kwata nan," ya ce. "Ki zuba, magana ta ƙare, mu zauna lafiya kamar da."

"Matsa mini."

"Ba za ki fita da shi ki je ki kafa mini wani bagade a bayan katanga ba."

Suzana ta leƙo daga ɗaki, hawaye na zuba. "Mama, don Allah ki zuba. Na gaji da binne 'ya'ya."

"Ka yi shiru, Suzana," in ji tsohuwar, muryarta ta ɗan sauka. "Ni ma na binne biyu kafin wannan mai tare mini hanya. Ba ruwan nan ya kashe su ba."

Ta dubi kwatar, baƙin ruwan wanke-wanke na tafiya a ciki da ɓawon albasa. Ta dubi simintin. Ta dubi ɗanta, ta ga tsoro ne fal a idonsa, ta kuma san in ta zuba zai rungume ta a wurin. Tana son rungumar nan, Allah ya sani. Amma ta ɗaga kwanon ta kafa kai. Ruwan da sanyin safiyar Jos, yana ƙanshin yadi, ta shanye shi tas, ta goge baki da gefen zane.

"To, yanzu ni ce ƙasar," ta ce. "Kira masu siminti."

Okwudili ya ja da baya har ya bugi ƙofa. Daga ranar bai sake cin abin da hannunta ya taɓa ba. Ta koma yin wankinta a harabar coci. A gida takan dafa miyar shuwaka yadda yake so tun yana yaro, ta aika masa, kwanon ya dawo a rufe kamar yadda ya tafi. Gaisuwa ta koma "ina kwana" a tsaye, ba haɗa ido.

A shekarar da ta biyo baya Suzana ta haifi 'ya mace, lafiyayya. Okwudili ya tsaya gaban cocinsu ya ba da shaida cewa sare bishiya ne ya buɗe hanya. Mama Okwudili kuwa tun ɓarin farko take sa Fada yana miƙa Mas da sunan Suzana, ba ta taɓa gaya wa kowa a gidan ba. Ta ji labarin shaidar a bakin maƙwabta, ta yi tsaki. Hankalinta na kan wanka. Tun da Suzana ba ta da uwa, wankan jaririya da gashin cibi nata ne, ba mai musun wannan. Ta sayi sabon baho da tawul mai laushi ta ɓoye a ƙarƙashin gado.

Ranar da aka dawo daga asibiti ta dafa ruwa, ta sirka, ta gwada da gwiwar hannu, ta ɗauko bahon ta nufi ɗakin mai jego. Ɗanta ya tare ta a bakin labule, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada baƙi su ji.

"Ba da waɗannan hannayen ba, Mama."

An kira wata mata daga cocin Okwudili ta yi wankan. Mama Okwudili ta zauna a kan siminti, daidai inda fiyar take a da, bahon a gabanta, tana jin kukan jikarta ta taga. Ta zauna har tururin ya daina tashi. Wannan kam ruwa ne kawai, don haka ta ɗauka ta kai kwata ta zubar.