Tannie Ta Tare Bango

Siphelo bai san sunanta ba. A ɗakin jarrabawar lasisin masu sarrafa tukunyar nukiliya, kowa Tannie, wato Inna, yake ce wa matar da ke sa ido. Gajera ce mai faɗi, tabarau a kan hanci, tana taku kamar mai jin haushin ƙasa. Tana leƙa kunnuwa, tana zazzage hannun riga, har busasshen naman da Siphelo ya zo da shi tana ɗagawa a haske, ko an rubuta amsa a jiki. Shi dai ya yanke cewa tsohuwar gandiroba ce.

Damuwarta ɗaya ce. A bango akwai allon matakan kashe tukunya in hatsari ya taso. Doka ta hana a cire shi ko a rufe shi, kuma shi ne amsar tambayar farko. Sai ta tsaya a gabansa, ta baza kafaɗu, tunda doka ba ta hana tsayuwa ba.

Wani yana miƙa wuya. "Haba Tannie, ɗan gusa mana!"

"In gusa? Ɗana, gidana na bayan katangar tashar nukiliyar nan, jikokina na ciki. Ranar da tukunya ta yi zafi, karatun allo za ka tsaya yi?"