Abin da ba a faɗa wa Mama ba

Shekara tara ke nan da muka binne Mama a Kwoi, amma har yau in an ambace ta a zumuntar mata ta coci, sai an yi dariyar kwanonta. Mai ciki ba ta wuce ƙofar gidanmu salin-alin. Sai Mama ta zaunar da ita, ta tura mata tuwon acca, ta tsaya a kanta har ta suɗe. Ko kin ce kin ƙoshi, ina, ba ta ji.

Mu 'ya'yanta mun san dalili. Autanmu an haife shi ba rai, ɗan mitsitsi, a tsakiyar kakar citta. Mama ta ɗauka aikin gona da rashin cin abinci ne suka kashe shi, wato ita ce. Da wannan nauyin ta tsufa.

Bana 'yata Rifkatu ta samu ciki. Ci kam tana ci, jikar Mama ce. Amma da muka je asibiti a Kafanchan aka yi hoton ciki, likita ta auna kan jaririyar da cikinta da ƙashin cinyarta, ta ce girmanta bai kai na watanninta ba. Aka sake aunawa bayan makonni, ta ƙaru kaɗan kawai. Gaskiya na tsorata.

Likita ta bayyana mana cewa mabiyiya ce ba ta isar da abinci yadda ya kamata, don haka za su riƙa dubawa, in zaman ciki ya fi haɗari a fito da jaririyar da wuri. Haka kuwa aka yi. Tana nan, ƙarama, da kuka kamar na mutum biyu.

Da Mama na raye, na san sai ta yi musu da na'urar tukuna, sannan ta aika wa likita citta. Kulawarta muka gada, kuma ita ta sa ba mu tsallake awo ba.

Ban san abin da ya samu autanmu ba, lokacin babu mai dubawa. Sai dai ranar hoto na biyu Rifkatu ta tambaya a hankali ko ita ce ba ta ci sosai ba.

Likita ta ce, "Ba laifinki ba ne, ko kaɗan."

Na yi murna, na kuma yi kuka. Mama ta rayu har ta mutu ba wanda ya faɗa mata haka.