Baba Mai-aure da Inabin Gangare

"Ka ba ni shekara guda," in ji Baba Mai-aure. "Kada takin fotash ya ƙara shiga layukan gangare. In ba su farfaɗo ba ka tumɓuke su, ni ma ka sallame ni."

Ɗan yayana, wanda ya gaji gonar inabin, ya ɓata rai. "Baba, ganye na koɗewa, ka ce a hana su abinci?"

"Ƙoshi ne ke kashe su, ɗana."

Suka tafa, ina tsaye.

Ga wanda bai san shi ba, Baba shi ke yi wa inabi aure. Da sassafe zai wasa wuƙarsa, ya tsaga gindi mai jure ƙasa, ya soka reshe mai daɗin 'ya'ya, ya ɗaure. In wurin ya warke, babu mai sanin wane gindi ke ɗauke da wane reshe sai shi. Gindin tudu mai kunya ne, sai an lallaɓa shi yake shan fotash. Na gangare kuwa haɗamamme ne, yana samu zai cika ciki har ya toshe wa sinadarin maganiziyam hanya, ganye ya yi rawaya, nonon inabi ya bushe tun bai nuna ba.

Da 'ya'ya suka fara launi, sai ga rawaya a ganyen ƙasa. Mai sayar da taki ya leƙo yana dariya: "Tsoho, auren ya mutu ke nan?" Washegari ɗan yayana ya kawo masu diga su tumɓuke layukan. Baba ya zauna a bakin layi, ya miƙe ƙafafu.

"Shekarata ba ta cika ba. Ku fara da ni."

Ba wanda ya ɗaga diga. Kullum Baba yana goye da tankin feshin maganiziyam, hawa da sauka, gwiwa na ƙara. Rawayar ta tsaya inda take. Nonna suka cika har sai da aka ƙara musu tokara.

Kai ne, Baba, mai ganin abin da ƙasa ta rufe. Mun gode, Allah ya saka maka. Masu tasowa, kafin ku ɗauko buhun taki, ku tambayi gindi.

Ɗan yayana ya tsira da gonarsa. Mai taki ya rasa ciniki. Baba kuwa gwiwar ba ta sake yarda ba, wannan watan yake ajiye wuƙa, kuma har yau ba mu da wanda zai ɗauka.