Rantsuwar Baba

Sai da na fara neman tallafin karatu sannan na san ni marainiya ce. Wato da ma na sani a ka, yadda mutum yake sanin garin da aka haife shi, amma abin bai taɓa sauka cikin cikina ba. Mahaifina mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sabuwa, ya rasu ina goye. Da mahaifiyata ta yi wani auren a Faskari, sai yayanta ya ɗauko ni ya kawo ni Ƙanƙara. Shi nake kira Baba. Sunansa aka rubuta a bayan nawa ranar da aka sa ni firamare. A gidansa na yi ƙyanda, shi ya zane ni ranar da na bi 'yan tallar gyaɗa har cikin kasuwa. A gidanmu ba a maganar riƙo. Inna, matarsa, ta taɓa yin damina guda ba ta shiga gidan wata maƙwabciya ba, don kawai matar ta kira ni 'yar riƙo.

Na samu gurbin jami'a a shekarar da gonar Baba ta bakin daji ta gagara nomuwa saboda rashin tsaro. Abin da ya rage masa shi ne awon hatsi ranar kasuwa. Shekarar farko ya sayar da tumakinsa ya biya, bai ce wa kowa komai ba, sai dai muka ga turke wayam. Da na dawo hutu na ga haka, na ce wallahi ba zan bari a kai ga sayar da babur ɗinsa ba.

Daga nan na zama mafarauciyar sukolashif. Duk inda aka ce ana bayarwa, ina wurin. Wayata ba ta kama sabis sai a gindin katanga kusa da murhu, nan nake wuni ina ɗaga hannu sama, hayaƙi yana shigar mini ido. Inna ta ce, “Wanga saurayi naki na cikin waya, ki ce mishi ya turo magabatanshi mu huta.” Na cika na jiha, na cika na kamfanoni, na cika har wani da ya ce sai an fara turo masa kuɗin kati, Allah ya rufa mini asiri ba ni da su. Hotona na fasfo ya zaga duniya fiye da ni. Shiru kake ji.

Ana haka wata ƙawata ta turo mini sanarwar wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin karatu har a gama. Sharaɗin farko shi ne mai nema ya kasance maraya. Na karanta, na sake karantawa, sai na ji na daka tsalle na ce, “Alhamdulillahi!” Sai da na sauko na gane abin da na yi wa godiya. Har yau in na tuna tsallen nan kunya takan rufe ni.

Sauran sharuɗɗan su ne masu nauyi. Suna son takarda daga dagacin garin uban da ya rasu. Suna son sunan mai nema ya zo da na mahaifinsa. Tunda ni kuma duk takarduna da sunan Baba suke, sai marikina ya je kotu ya yi rantsuwa a kan yadda abin yake.

Na sami Inna tana tankaɗe, na yi mata bayani, ina fatan ta kai wa Baba maganar. Ta ajiye rariya ta dube ni.

“Ni ba ni iyawa,” in ji ta. “Ke da bakinki za ki hwaɗa mishi.”

Bayan la'asar na durƙusa a gefen tabarmarsa na yi ta kewaye-kewaye, na kawo tsadar rayuwa, na kawo tumaki, kafin na iso kan maganar. Ya saurare ni har na gama. Na so ya yi faɗa, da na samu abin riƙewa. Sai kawai ya ce, “To ai ba ƙarya za ki yi ba. Haƙƙinki ne. Ki shirya, jibi mu tahi.”

A babur muka tafi, muka bi ta Faskari, hanya duk ramuka. Ina bayansa, yana ta ce mini “riƙe da kyau”.

A zauren dagaci, muna jiran takardar, kafin ka ce me labari ya zaga gari. Dangin mahaifina suka cika wurin. Wani tsoho, wan mahaifina, ya kama hannuna yana hawaye yana cewa, “Ɗiyarmu ta dawo gida.” Mata suka ja ni cikin gida, wannan ta ce goshin ubana ne, waccan ta ce har wushiryar tasa ce. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Ban taɓa jin an ce na yi kama da wani ba. Na sha fura, na yi dariya, aka kama mini kaza. Da na fito sai na ji tsohon yana cewa Baba, “Allah ya saka maka, Malam. Ka riƙe muna amana.” Baba yana can bakin tabarma inda baƙo yake zama, ya ce amin. Daga nan ya tashi ya fita, na hango shi yana goge sirdin babur da gefen rigarsa, sirdin da ba abin da ya same shi.

Ranar kotu ta fi tsanani. Baba mutum ne da ko a kasuwa ba ya rantsuwa. In mai saye ya ce masa, “Rantse mudun nan ya cika,” sai ya juye hatsinsa cikin buhu ya ce a gwada gaba. Shi ne yau ya yi alwala ya tsaya gaban magatakarda. Ni na zaci sa hannu kawai za a yi, ashe mun faɗa hannun mai bin ƙa'ida. Ya miƙo Alƙur'ani, ya ce Baba ya dafa, ya riƙa maimaita abin da zai karanto.

“Cewa ba kai ka haife ta ba.”

“Ba ni na haihe ta ba.”

“Cewa 'yar ƙanwarka ce, riƙonta kake yi.”

Ya maimaita.

“Cewa ba ka da halin ɗaukar nauyin karatunta.”

Nan ya ɗan tsaya. Mutumin da ko ranar da tukunya ba ta hau wuta ba sai ya sa wankakkiyar riga ya fita yana gaisawa da mutane. Magatakarda ya ɗago kai. Baba ya gyara murya ya ce, “Ba ni da hali.” Akwai mutane a benci suna jiran nasu layin, har da wani da suke sallah masallaci ɗaya. Ni kuwa ina tsaye rungume da fayil, na kasa duban kowa. Ni na kawo shi nan, kuma da an ce mini a fasa a lokacin, ban tabbata zan yarda ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Na samu tallafin. Sunana ya fito da na mahaifina a baya, sai da na duba sau da yawa kafin na gane ni ce. Baba ya sayo goro da alewa aka raba wa maƙwabta, Inna ta yi guɗa. Bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, abincina da addu'ata duk suna nan yadda suke. Na ce wa kaina ashe ni ce mai ƙara wa abu gishiri, takarda ce kawai, an yi an wuce.

Da hutu ya ƙare ya raka ni tasha da kansa, yana ɗauke da buhun garina a kafaɗa. Ya zaɓa mini wurin zama kusa da wata dattijuwa, ya leƙa tayoyin motar kamar shi zai tuƙa. Direban baƙo ne, bai san mu ba. Yana ɗaure kaya ya ce, “Alhaji, ɗiyarka ce za ta makaranta? Allah ya sa albarka.”

Na ga Baba ya dubi tafin hannunsa na dama, wanda ya dafa Alƙur'ani da shi. Ya juyo ya dube ni ta taga, kamar mai jiran in taya shi. Kalma biyu ce, “Babana ne,” tana nan a bakina. Kafin in furta, har ya riga ni.

“Ɗiyar ƙanwata ce,” ya ce a hankali. “Ka tuƙa da kyau.”